Na Toshe Masa Ruwa Saboda Girkawa

Malama Saude, don Allah ki agaje ni, hassada na neman cinye ni da raina.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Bunkure, ina kuma taɓa noman rani. Gonata tana sama da ta abokina Taufiq, kanal ɗaya na ban ruwa muke sha: ni Litinin, shi Laraba. Bara muna dashen tumatir na faɗa masa abin da ya daɗe yana min yawo a ka, cewa mai yiwuwa masu falsafar Girka na farko daga Indiya suka tsinci wasu ra'ayoyinsu, kamar batun nan na wai rai yana sake shiga wani jiki. Ba yarda na yi da shi ba, Allah ya kiyaye, hanyar da ya bi nake nema. Na ce daular Farisa ta taɓa ɓangarorin biyu, ita ce kanal ɗin. Har zana masa na yi da kara a kan laka!

Watan jiya sai ga muryar Taufiq a rediyo yana bayanin wannan batu, har da misalina na kanal, ko sunana bai ambata ba. Yanzu a kasuwa Farfesa ake ce masa. Mutumin da bara bai san inda Farisa take ba!

Laraba biyu ke nan ina toshe masa ruwa da buhun ƙasa. Tumatirinsa ya fara yaushi daidai lokacin fure, yana ta zargin masu kula da ruwa. Jiya har roƙona ya yi in raka shi kai ƙara. Kunya ta kama ni, amma ina jin an ce Farfesa sai zuciyata ta sake tafasa.

Mai Gonar Sama

Mai Gonar Sama, Taufiq bai kyauta ba, ambaton sunanka ba zai rage shi da komai ba. Amma laifinka ya fi nasa. Shi yabo ya hana ka, kai abincin iyalinsa ka tare.

Batun Indiya da Girka har yau masana ba su yanke ba, wasu ma cewa suke kowa da kansa ya gano. Kai ma ai a littafin wani ka fara cin karo da shi. In kana so a san naka, zauna ka rubuta.

Yau ɗin nan ka cire buhun, ka faɗa wa Taufiq gaskiya kafin a ɗora wa marasa laifi, ka bar masa ruwan Litinin ɗinka biyu. Bayan nan sai ka faɗi naka ƙorafin. Girkawa da Indiyawa sun fi shekara dubu biyu suna jira, za su ƙara. Furen tumatir ba zai kai Laraba ta uku ba.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ku amfanin gona ku biyun.