Goshin Inna Ya Taɓa Ƙasa

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Nafisatu da yara a can Tamanrasat. Allah ya tsare ku a baƙon wuri, ya sa albarka a nema. Mu nan Gangara lafiya lau, gero ya fara shiga rumbu, akuyar 'yata Dado kuma ta haifi biyu.

Bayan haka, albishir zan yi maka game da Inna. Ka san tun da ta faɗo daga amalanke ƙashin ƙwaurinta ya karye, a zaune take salla bisa turmi. Malam Idi maɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, amma da aka kwance karan ɗori sai ƙafar ta sandare kamar taɓarya. Wata bakwai Inna ta hana kowa taɓa ta, wai in aka lanƙwasa, ɗorin zai ɓalle. Ba rashin tafiya ke cin ranta ba. Ta sha gaya mini da hawaye cewa tsoronta ta mutu goshinta bai sake taɓa ƙasa ba. Ni kaina na fid da rai, ɓoye maka kawai na yi.

Sai ga 'yarka Fa'iza ta zo hutu daga makarantar kiwon lafiya ta Damagaram, yarinyar da a da ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka. Ta kai Inna asibitin Tanut aka ɗauki hoton ƙafar, lokotoro ya ce ƙashi ya haɗe sarai, gwiwa ce ta ƙage don rashin motsi. Inna ta ce ita ba ta ga komai a baƙar takardar nan ba. Ran kasuwa Fa'iza ta sayo cinyar rago har da ƙwaurinta, ta feɗe gaban kakarta. Ta nuna mata inda ƙashin cinya ya hau na ƙwauri, da guringuntsi mai santsi a tsakani, da jijiyoyin da suka ɗaure su, ta ce karayar Inna tana can ƙasa, nesa da gaɓar. Inna ta karɓa, ta lanƙwasa, ta miƙar, ta ce a yi miya da ita. Sannan ta miƙo tata ƙafar.

Wata biyu suna fama safe da yamma, da ruwan ɗumi da man shanu, kullum a ƙara lanƙwasawa kaɗan. Zagin da Fa'iza ta sha, har kai ubanta ka samu rabonka.

Juma'ar da ta wuce, da la'asar, Inna ta sa na mayar da turmi madafa. Ta tada salla a tsaye, ta yi ruku'u, ta sauka a hankali gwiwa na ƙara, har goshi ya kai tabarma. Yaya, kuka na yi. Ta daɗe ba ta ɗago ba har na tsorata. Da ta sallame na tambaya ko ƙafar ce ta riƙe, ta ce a'a, kewar wurin ta yi.

Kujerar salla da ka ce za ka aiko, ka bar ta. Ka gaida Nafisatu da Jika da sauran yara. Dado da Fa'iza suna gaishe ka.

Ƙanwarka,
Zuhaira