Darɓar da Na Goge

Laraba da dare, Mubi

Barci ya ƙi zuwa. Yau ma na buɗe kwalabena a ɗakin gwaji na tarar ƙananan zanzaron da nake kiwo don maganin ƙwarin dawa duk sun mutu, kwana biyu kacal. Na Tumba kuwa, da muka fara aikin kammala karatu rana ɗaya, sun shiga mako na biyu, sai saka ƙwai suke a jikin ƙwarin dawa. Malam ya ɗaga kwalbar Tumba wajen taga yana ta jinjina kai. Tawa ko kallo ba ta samu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, ganyen dawa ɗaya muka raba, daga gonar mahaifiyarsa a Digil. Ni kullum in na ga ya yi danƙo da darɓa, sai in goge shi tas da jiƙaƙƙen tsumma. Shi ko ƙazamin, yadda ya tsinko haka yake cusawa.

Na daure na tambaye shi sirrin. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai Hadiza, kin goge abincinsu ne! Wannan zaƙi da ƙwari suke fitarwa, shi zanzaro yake lasa. In babu, ba rai, ba ƙwai."

Na ce ai na sani. Ƙarya nake. Ni da na fi shi maki tun aji ɗaya, na haddace abin a takarda da Turanci, ban taɓa gane darɓa ake nufi ba.

Na taya shi murna, a baki kawai. Gobe zai kawo min sabon ganye. Wai in bar tsummana a gida.