Muryar Baba a Cikin Ganye

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Sun zaɓe ni! Masu burauzar da nake shiga intanet da ita sun turo min sabuwar da ba ta fito ba tukuna, ta gwaji, wai in yi amfani da ita in faɗa musu abin da na gani. Ina tsakiyar koya wa 'yan aji biyu yadda ake kashe kwamfuta ba tare da fizge waya ba saƙon ya shigo. Da ƙyar na kai ƙarshen darasi. Ni Adawiyya, daga Dutse, ana neman ra'ayina.

Laraba, 9 ga Yuli

Na sa ta. Ta ƙi hawa kan tsohuwar, sai da na cire waccan. Dama sun yi gargaɗi da manyan baƙaƙe: ta gwaji ba ta zama a kan tsohuwa, kuma duk wanda ya cire tsohuwa, shafukan da ya ajiye a cikinta sun tafi. Sai cikakkiyar ta fito ne za ta kwaso kayan tsohuwar da kanta. Ni ba ni da komai a ciki sai yadda ake haɗa kek, ban damu ba.

Sauri kam ba a magana. A ɗakin malamai, inda sabis ke leƙowa ya gudu, shafi ya buɗe kafin in ajiye kofin shayi. Tana tara shafukan da mutum ya buɗe gida-gida, na makaranta daban, na ɗinki daban. Tana karanta rubutu da murya, har da Hausa, amma kamar mai mura. Na kunna wa Malama Rakiya, ta yi dariya har da riƙe ciki. Abin da ban so ba, sun sauko da wurin rubuta adireshi ƙasa, babban yatsana sai zuwa yake inda babu komai.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni zama ba. Akwai sabon maɓalli na fitar da abin da aka ajiye. Shafi da hotonsa da sautinsa, ya fito a matsayin fayil, ka sa a memori, ka tura wa wanda ka so.

Muryar Baba.

Kafin rasuwarsa, ɗalibinsa Zuhair ya naɗi karatun da yake bayarwa a zaurenmu na Miga, ya ɗora a wani ɗan shafi da hotonsa. Ni na ajiye wa Inna shafin a burauzar wayarta don ta riƙa ji ba sai da data ba. Daga baya shafin ya mutu, Zuhair ya tafi kudu, lambarsa ta daina shiga. Abin da ya rage a duniya shi ne na wayar Inna. Tsohuwar burauzar kuwa in ta haɗiye abu ba ta mayarwa. Na taɓa gwada kunnawa in naɗa da tawa wayar, injin markaɗen maƙwabta ya cinye muryar, na goge don haushi.

Inna ba ta karatun boko. Tambarin burauzar ganye ne kore, shi ta sani. Bayan asuba ta danna ganye, ta danna tauraron da ke buɗe abin da aka ajiye, Malam, kamar yadda take kiran Baba, ya fara magana.

In cikakkiyar ta fito, zan fito da shi. Kowa a dangi zai samu.

Juma'a, 11 ga Yuli

Bakina bai iya riƙe daɗi ba. Muna cin tuwo na ba Yaya Muntaka, da nake zaune a gidansa, labari. Shi da sana'arsa ke nan a kasuwa, gyaran waya da tura wa mutane manhaja daga waya zuwa waya, nan take ya ajiye cokali.

"Turo min ita yanzu."

Na ce a'a, Yaya, ta gwaji ce. Na karanta masa gargaɗin, na fassara, na maimaita. Na ce don Allah kada ta kusanci wayar Inna sai cikakkiya ta zo.

"To Malama, na ji. Ni da nake gyaran waya tun kina firamare."

Na ce ya yi min alkawari. Ya ce ya yi. Anti Safina, matarsa, tana wurin, ita ce shaida.

Na bar wayata a caji a falo na je sallar isha.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yaya ya tafi Miga suna. Ni takardun jarrabawa sun danne ni. Na ba shi sabulu da man zafi ya kai wa Inna.

Na gano wani abu kuma: sabuwar burauzar tana toshe tallan da ke faɗowa kan fuskar mutum. Allah ya yi musu albarka.

Litinin, 14 ga Yuli

Ya dawo, bai ci abinci ba. Wai gajiyar hanya.

Laraba, 16 ga Yuli

Inna ta kira ni ana tashi daga makaranta.

"Auta, ganyen nan ya sauya. Na danna, babu tauraro, babu Malam. Kwana uku ke nan."

Na tsaya a bakin get, masu adaidaita na ta yi min hon. Na ce wa ya taɓa wayar?

"Yayanki. Ya ce sabon abin da kika kawo ne, ke kika aiko shi ya sa min. Ya ce ke za ki ƙarasa gyaran."

Ni na aiko shi.

Ban san abin da na ce mata ba. Ina jin na ce to.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na same shi a shago. Na jira mai gyaran sikirin ya tafi, don ban so in tozarta shi gaban mutane, duk da ya cancanta.

Bai yi musu ba. Lokacin da nake sallah ya tura wa kansa daga wayata. A Miga, bayan an watse daga suna, ya ce wa Inna ta kawo waya zai fito mata da Malam. Sabuwar ta ƙi hawa. Sai hannunsa ya yi abin da yake yi sau ba adadi a shagon nan: in ta ƙi hawa, goge tsohuwa, sa sabuwa.

"Haka muke yi kullum, Adawiyya. Kafin in tuna na riga na danna."

Na ce na karanta maka. Har fassara na yi.

"So na yi in kawo miki shi a memori. Ki ga ni ma..."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban taimake shi ba.

Da kuskuren kaɗai ne, wataƙila da na yi kuka na haƙura. Amma ya jira na ta da kabbara sannan ya ɗauki wayata. Kuma da abin ya lalace, sunana ya ajiye a wurin ya gudo Dutse. Kwana uku yana kallona ina zuba masa ruwan shayi. Wannan ne ya ci ni, wallahi wannan ne.

A gida dole in ce Yaya, don kada Anti ta ji wani iri. A littafin nan kuwa daga yau sunansa Muntaka.

Asabar, 19 ga Yuli

Na rubuta wa masu burauzar. Na yi bayani dalla-dalla, har na ce mahaifina ne, ya rasu. Amsa ta zo da wuri, da ladabi kamar ma'aikacin banki. Sun yi baƙin ciki, abin da aka cire ba ya dawowa, sun gode da ra'ayina mai muhimmanci. A ƙasa an tambaye ni tauraro nawa zan ba sabon maɓallin.

Ni da na cika wayoyin rabin malaman makarantarmu da ganyen nan, ina yi musu talla kamar gadona ce. Sun san a nan ba kowa ke sauke manhaja da kansa ba, hannu da hannu take yawo, gargaɗin kuwa ba ya bin ta. Ko ba su sani ba. Ban san wanne ya fi ban haushi ba.

Talata, 22 ga Yuli

Muntaka ya ajiye min tsire a ƙofar ɗaki. Na ba yara.

Lahadi, 27 ga Yuli

An yi hutu, na zo Miga jiya. An sha ruwa, gero ya kai ƙugu, hanya duk taɓo.

Na karɓi wayar Inna na zauna a rumfa tun hantsi. Na mayar da tsohuwar burauzar, ta buɗe fayau. Na bi kowane lungu na wayar, na gwada manhajar dawo da abin da aka goge har biyu. Hotunan akuya na samu, da na wani biki. Na san tun daga Dutse ba zan samu ba, amma sai da na yi.

Inna tana gefe tana tsinke zogale. Da ta ga na kifa wayar a cinya sai ta ce, "Bar shi haka, Auta, idonki ya yi ja."

Na ce Inna ba ni na aiko shi ba.

"Na sani. Tun da ya miƙo min wayar na gane. Ni na haife shi."

To me ya sa kika faɗa min kamar kin yarda? Ban tambaya ba. Ina jin so ta yi shi ya faɗa da bakinsa.

Da safen nan bayan asuba ina kwance na ga ta jawo wayar, ta danna ganye, yatsanta ya tafi inda tauraro yake a da. Ta daɗe tana kallo. Ta ga na gan ta, ta ce hannu ne ya saba.

Sai ta fara. Daga bisimilla, yadda Baba yake jan ta, har babin alwala. Tana kaiwa wani wuri ta tsaya ta ce, "Nan yake yin tari." Can gaba ta ce, "Nan zakaran gidan Liman ya yi cara, Malam ya ce to mun ji." Ta yi dariya. Ni na juya fuska bango.

Kalmomin duk suna nan a kanta. Muryar ce babu.

Da zan taho ta riƙe min mayafi. "Ku biyu kaɗai Malam ya bar min. An goge min muryarsa, kada a goge min zumuncinku." Na ce to, Inna. Bakina ne ya ce.

Alhamis, 7 ga Agusta

Sun turo gyararriyar ta gwaji. Yanzu tana hawa kan tsohuwa lafiya lau, ba a cire komai. Sun ce sun saurari masu gwaji.

Na zauna ina kallon saƙon. Da Muntaka ya yi haƙurin wata ɗaya. Ko bai kai ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Anti Safina ce ta faɗa min muna wanke-wanke, ban tambaye ta ba. Wai Muntaka yana rufe shago ya shiga motar Jahun, yana bin tsofaffin ɗaliban Baba gida-gida, ko akwai wanda ya taɓa naɗar karatun. Wani ya ba shi tsohuwar waya da ta faɗa rijiya, ya kwana biyu yana buɗe cikinta. Babu komai.

"Ya rame, Adawiyya. Ko kallonsa ki yi."

Na ce Anti miƙo min soso.

Ina ruwana. Wanda ya zubar shi zai kwashe.

Laraba, 20 ga Agusta

Sun turo tambayoyi kan yadda na ga sabon launi. Ban amsa ba.

Jiya na ji Muntaka a tsakar gida yana alwala, yana jan bisimilla. Ban taɓa lura ba, irin ta Baba ce sak. Haushi ya kama ni, ban san na me ba.

Talata, 2 ga Satumba

Cikakkiyar ta fito yau. Malama Rakiya ta sa a wayarta, ta kira ni tana murna, wai ta danna maɓallin fitarwa komai ya fito tsaf. Na ce madalla. Yana aiki, dama na san zai yi.

Tawa ma ta nuna min in sabunta. Ni da nake riga kowa. Na danna "ba yanzu ba". Data ce ba na son ƙonawa, shi ke nan.

Kafin ta kashe, Malama Rakiya ta ce ta tuna da maganar Zuhair da na yi mata. Wata ƙawarta a Garki ta san ƙanwar Zuhair, ga lambar. Ba tabbas. Wataƙila shi ma ya yar da komai tuntuni.

Hutu nake, motar Garki ba wuya, zan iya zuwa da kaina gobe. Na riƙe lambar har la'asar. Sai na tura wa Yaya, ba gaisuwa, lamba kawai da sunan gari. Ba don shi ba, ya fi ni sanin hanya ne. Kafin in ajiye wayar na ji yana tambayar Anti ina takalminsa.

Na zuba masa ruwa a gora na ajiye a kan babur, don kada ya tsaya saye a hanya.

Yanzu na ga abin da na kira shi a sama. Da biro na rubuta, ba ya goguwa. A bar shi.