Inda Fenti Bai Kai Ba

Bukkuyum,
22 ga Agusta, 2004.

Zuwa ga Samadu, Baban Raihana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Anka baki ɗaya. Ya damina? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni ce Dija, yayar matarka, in ma ka manta rubutuna. Shekara guda ke nan cif da rasuwar Fa'iza, Allah ya jiƙanta, kuma tun da aka tashi zaman makoki ba mu sake ganin ƙeyarka ba. Ba faɗa na zauna in yi maka ba, amma ka san halina, magana ba ta kwana a cikina. Ɗiyarka ta shiga shekara shida. Haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ka sani? Ina fa za ka sani.

Ga abin da ya sa na ba Makau direba takardar nan. Yaya Sambo ya aiko daga Sakkwato cewa zai zo kafin azumi. In har uban yarinya bai zo ya ɗauki abarsa ba, shi zai tafi da ita ya haɗa da nasa. Tsohuwarmu ta amince. Ta ce mutumin da ya kasa tada motarsa daga gindin dogonyaro shekara guda, ba shi za ta miƙa wa marainiya ba. Makau ya ce har kaji sun yi ƙwai a kujerar direba. Haba Samadu! In yarinyar nan ta tafi Sakkwato, wallahi sai dai ka riƙa ganinta Sallah-Sallah kamar baƙo.

Lafiyarta lau, sai abu guda. Duk ranar da shuɗiyar a-kori-kura irin taka ta gitta ta titinmu, ranar ba mu da zaman lafiya. Kuka take har muryarta ta dushe, ta ƙi tuwo, ta ƙi kowa.

Ka tashi, don Allah. Ka tada motar, ka koma jigilarka ta kasuwanni, ka zo Tsohuwa ta gan ka da idonta.

Ka gaida mutanen gida. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Dija.

*

Anka,
30 ga Agusta, 2004.

Yaya Dija,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Tsohuwa da kyau. Damina alhamdu lillahi.

Takardarki ta iske ni. Na karanta sau biyu. Na kore kajin.

Motar ba ta mutu ba yadda mutane ke faɗi. Batir ya sauka, taya uku sun kwanta, ɓera ya ci wayoyi. Na ari batir wurin mai injin niƙa, munka tura ta, ta yi tari ta tashi. Na tsaya ina sauraren ƙararta, na zaci zan ji wani abu a raina. Ban ji komai ba. Haka nike tun bara, Yaya. In ci tuwo, in ci ƙasa, duk ɗaya ne a bakina. Ina zuwa masallaci, ina gaisawa da mutane, in dawo in zauna. Ba ciwo ba ne, kada ki damu.

Na saida ragon nan da buhun gero biyu, shi ne abin da zan yi aikin da shi, ba ƙari. Taya na samo na hannu, ɗaya da faci biyu. Lagireto yana yoyo, an like shi da dalma, an ce zai kai ni in ina ƙara ruwa a hanya. Salansa na ɗaure da waya. Gilashin gefen direba ba ya hawa, na sa katako na tokare. Fambel ne kawai na sa sabo fil, a cikin kwalinshi.

Jibi zan lallaɓa da ita Gummi wurin Bature mai gyaran bodi, abokina tun muna yaran mota. Fenti zan sake mata.

Ki huta lafiya.

Naki,
Abdussamad.

*

Bukkuyum,
6 ga Satumba, 2004.

Samadu,

Sallama da gaisuwa. Tsohuwa ta amsa, amma ba da daɗin rai ba.

Oh ni Dija! Na rubuto maka zancen ɗiyarka, ka maido min da lagireto da salansa. Na juya takardar baya ko sunan Raihana ya ɓuya can, wayam. Ko "ya take" babu.

Sannan fenti? Wa ya aike ka? Amarya za ka ɗauko da za ka yi wa mota kwalliya? Buhunan gero da awaki ba ruwansu da kalar mota. Ɗan abin da ya rage a hannunka ka zuba mai, ka sayo wa yarinya takalmi, nata ya matse ta. Hanyar Gummi kuma ta kusa da mu za ka bi, ka wuce mu don ka je ka shafa fenti?

Na ji zancen bakinka da ba ya jin ɗanɗano, kuma ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ni ma ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Amma ni kullum sai na tashi na tafi makaranta na tsaya gaban allo, don ba wanda zai yi min.

Sauran sati biyar Yaya Sambo ya zo. Ka huta lafiya.

Dija.

*

Gummi,
24 ga Satumba, 2004.

Yaya Dija,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da Tsohuwa da Raihana. Ya take?

An gama fentin jiya. Da na zo, Bature ya faɗi kuɗin feshi da inji, na faɗi abin da ke aljihuna, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Ga inuwa, ga burushi, in hannunka na aiki." Kwana biyar ina gurzar tsatsa da samfefa har yatsuna sunka fashe. Ƙofar da ta lotsa ya bubbuge min ita daga ciki, bai karɓi komai ba.

Fentin mota ya fi ƙarfina. Na samu ragowar fentin ƙofofi wurin wani mai shago, gwangwani guda kore, rabin gwangwani ja. Munka haɗa, munka tsinka da kalanzir don ya yi auki. Bature ya ce kalar miyar kuka ce wadda ta kwana. Ranar shafa ta farko hadari ya taso, munka rufa da tamfol, tamfol ya bar shaidarshi a kan bonet. Ƙwari sun manne da yawa, na bar su. Duk da tsinkawar, fentin bai kai ba. Ya rufe waje duka, ya ƙare kafin in shiga cikin bodi, inda ake zuba kaya. Nan yana nan shuɗi. Zan shimfiɗa tabarma a kai.

Kin tambaye ni wa ya aike ni. Ke ce, Yaya. Ke kinka rubuto cewa in Raihana ta ga shuɗiyar mota kuka take. Tana tsaye bakin zaurenku ranar da naƙuda ta yi gardama, munka sa katifa bayan motar nan munka kwantar da innarta. Da idonta ta ga shuɗiyar mota ta tafi da ita. Ba zan zo in tsaya ƙofar gidanku da abin da ɗiyata ke tsoro ba, balle in ce ta shiga.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa ma kowa ba. Ranar, fambel ne ya tsinke muna da sauran tafiya kafin Gummi. Sati uku ina ganin ya tsattsage, ina cewa sai kasuwa mai zuwa. Na tsaya cikin ruwan sama ina ƙoƙarin ɗaura igiya a madadinshi, tana zamewa, ina sakewa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Sai na ji Tsohuwa daga baya ta ce, "Samadu, bi a hankali, ba sauri kuma."

Ga shi na rubuta, ina duban shi, kamar labarin wani ne.

Na sayi takalmin. In fenti ya bushe zan yi jigila biyu in samu na mai, sannan in zo.

Ki huta lafiya.

Naki,
Abdussamad.

*

Bukkuyum,
28 ga Satumba, 2004.

Baban Raihana,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarka a ofishin malamai, sai da na fita bayan aji don kada yara su ga fuskata.

Ka yafe min. Rabin magana na rubuto maka, kai kuma ka fasa yatsunka a kanta. Samadu, yarinyar nan ba tsoron motar take ba. Jiran ta take.

Ka san yadda muke, ba a faɗa wa ƙaramin yaro mutuwa. Kafin ku dawo da gawa ranar, Tsohuwa ta aiko daga hanya aka kai Raihana gidan Gwaggo Rabi a can ƙarshen gari, ba a maido ta ba sai da mutane suka watse, kai ma ka tafi. Aka ce mata Inna tana asibiti a Gummi, in ta warke Baba zai kawo ta a mota. Aka ce za ta manta. Ba ta manta ba. Duk shuɗiyar a-kori-kura da ta gani sai ta bi ta da gudu tana kiran Inna, kukan kuma na rashin tsayawar motar ne. Haƙoran nan biyu ta hana a jefar, suna cikin gwangwanin madara, wai sai ta nuna wa Inna.

Ni da nake tsayawa gaban 'ya'yan mutane ina cewa ƙarya haramun ce, shekara guda ina amsa mata "sai ta warke". Kunya ta hana ni rubuto maka wannan, sai na ɓige da yi maka faɗa.

Zancen fambel kuwa, Tsohuwa tana wurin, ta ga komai, kuma ko sau ɗaya ban ji ta ɗora maka ba. Fushinta na rashin zuwanka ne. Kwanan Fa'iza ne ya ƙare. Na san faɗin haka ba zai sauke maka ba, amma na faɗa.

Na roƙe ta a gaya wa yarinya gaskiya, ta ce ba a gidanta ba, ba kuma da bakin ɗiyarta ba. Ba zan iya tsallake maganarta ba. Kai ne ubanta.

Ka zo da motar, ko wace kala ce. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Dija.

*

Anka,
9 ga Oktoba, 2004.

Yaya Dija,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya.

Kin ga yadda Raihana ta yi a ƙofar gida. Ta dubi motar, ta ce ba ita ba ce, ta shiga gaba da gwangwaninta ba gardama. Ga abin da ba ki gani ba.

Mun yi nisa lagireto ya ɗau zafi, na tsaya ƙara ruwa. Kaina na cikin inji ta sauka, ta taka taya ta leƙa baya. Ashe iska ta naɗe tabarmar. Sai na ji ta ce, "Baba, ita ce! Ga shuɗin nan!"

Kafin in zagayo ta haye. Ta yaye tabarmar duka, ta ɗaga tamfol, ta leƙa har bayan tayar safaya. Sannan ta juyo ta ce, "Ina ka baro ta?"

Na hau na zauna. Na ce mata Inna ta rasu tun bara, a nan inda take tsaye. Na ce ba za ta dawo ba, ba motar da za ta kawo ta. Ta dubi gwangwaninta. Can ta ce, "To haƙorana fa, wa zan gwada ma?"

Na ce ta gwada min. Ta buɗe gwangwanin ta zuba min su a tafin hannu.

Nan abin ya zo min, Yaya, duka lokaci guda. Na yi kuka a gefen titi har wani mai shanu ya tsaya yana tambaya ko mota ce ta lalace. Ita ma sai a lokacin ta fara nata.

Ta ƙi komawa gaba. A baya ta zauna, kan shuɗin, har Anka, ni kuma ban wuce giya biyu ba.

Bature ya aiko wai ya samo ragowar fenti, in kawo a ƙarasa cikin bodi. Na ce ya ba wani.

Takalmin ya yi mata yawa kaɗan. Ki gaida Tsohuwa, ki ce mata da bakina na faɗa, ba da naki ba.

Ki huta lafiya.

Naki,
Abdussamad.