Labulen Buhun Albasa

Litinin, 6 ga Fabrairu 2012

Na rubuta a Fesbuk, "Salam ƙawayena, ku matso, wata 'yar Aliero za ta ba ku mamaki." Sai na goge. Don ba ni ce 'yar Alieron ba.

Ga yadda anka yi. Za a yi baje kolin zane-zane a Legas, wata Madam ce ke zaɓen waɗanda za a nuna aikinsu, wasu ma a sa su yi sabo musamman don bajen. Tun bara nike tura mata hotunan zanen lallena a kwali. Yau ta amsa. Wai zane ya yi kyau, amma mi ne ne wancan a bayana cikin hoton?

Bayana hwa! Labulen da Gudiya, ɗiyar Baffa Rufa'i, ta harhaɗa da yagaggun buhunnan albasa don tare rana a rumfa.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Madam babban labule take so, mai cika bango. Gudiya ba waya, ba Turanci, ni ce tafinta. Da na faɗa mata sai da ta zauna ƙasa don dariya. "Yaya Mufida, mutanen Legas rana ta dame su ne?"

Na yi dariya ni ma. Ta sama kawai.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Datar wayata, cajina, hotona. Sunanta.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Madam ta rubuto dogon saƙo, na karanta har na gane. Abin da ya burge ta shi ne tsufan buhunnan, da tabon ƙasa, da alamun da 'yan kasuwa ke shafawa da fenti don kowa ya gane kayanshi a mota. Wai kowane ƙyalle da hannun wani a jikinshi. In ba wannan ba, ba ta so.

Na je in faɗa, na iske Baffa ya dawo daga Jega da sabbin buhunna ƙal. Wai ɗiyatai ba za ta kai wa baƙi tsumma ba, a yi mana dariya a garin mutane. Matar Baffa, Inna Tani, har da guɗa. Gudiya na ta shafa su kamar atamfa.

Na ce Madam na gaishe su. Ban ƙara komi ba.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Ai ba ƙarya na yi ba. Ba wanda ya tambaye ni.

In ta ga sabon ta ƙi, bangon zai zama ba kowa, ni kuwa kwalayena a shirye suke. Astagfirullah. Amma a shirye suke.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Na leƙa rumfa. Ta yi nisa da ɗinki, tsaf-tsaf, babu tabo ko ɗaya. Yatsunta duk sun fashe da basilla, ta ɗaure da zare. Kai a sunkuye ta ce, "Yaya, ni bai yi min daɗi ba. Kamar ba nawa ba. Amma ku ne kunka san abin da suke so."

Ku ne. Ni ke nan.

Ta kuma ce in an tafi Legas ba ta shiga mota sai da ni, wa zai yi mata magana? Har ta zaɓa min gyalen da zan sa. Yarinyar nan ta ishe ni wallahi.

Madam na son hoton aikin ranar Alhamis.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Ko dandalin hira na 2go ban buɗe ba yau. Ƙawata Barakatu ta kira ta ji ko na mutu.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Na faɗa. A gaban Baffa na faɗa, don in huta gaba ɗaya. Ya ce, "Tsumma? Tsumma suke so?" Inna ta kama baki. Gudiya ba ta tambaye ni yaushe saƙon ya zo ba, kallona kawai ta yi, ta jawo almakashi ta fara warware ɗinkin. Da ma ta zage ni.

Tsofaffin na gida ba su isa ba, sai munka tafi kasuwar albasa muna musayar sabo da tsoho. Ɗanasabe mai lodi ya ce 'yan matan Baffa sun taɓu, ya kira abokanshi su zo kallo. Ni da ko bokiti ba na ɗauka a titi, na dawo da ɗaurin buhu a ka.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Ba don ita na yi ba, don kada a ce mutanen Aliero ba su gane saƙo. Ina riƙe mata bakin labulen tana ɗinki, tana nuna min: wannan alamar ta Alhajin Maiyama ce, wannan ta marigayi Murtala. Ya yi kyau. Shi ke nan, na faɗa, ya yi kyau.

Madam ta tambayi yadda za a rubuta sunan a bango. Na rubuta Gudiya Rufa'i Aliero, na sake dubawa kada harafi ya faɗi, sannan na tura. Buhunnan nan har yanzu da yajin albasa a jikinsu, duk sun cika min ido da ruwa.