Injin ya daina tsallake taku

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ya Kumasi, ya aiki, ya Habi da yara? Mu nan Zongo lafiya lau.

Injin sassaƙar da na haɗa da moter ɗin tsohuwar empirimant, wato na'urar buga takardu, ya yi! Da yakan zabura da gudu, ya tsallake taku, rubutu ya karkace. Na gyara a ordinater, wato kwamfuta: yanzu yana tashi a hankali, ya ƙara gudu, ya sassauta kafin kwana, yadda Baba yake jan amalanke da kaya.

Jiya ya sassaƙa sunan Inna tsaf a kan katako. Ta shafa katakon ta ce, "Gaya wa yayanka ya daina kiranka Kumasi."

Aikin da ka samo mini a can, ba wani, ba zan zo ba. Gai da Kawu, a yi mana addu'a.

Ƙanenka,
Idi