Saiwar Bakin Rafi

Mechelen, Afrilu 1567

Yaya Gillis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Na san rabonmu da magana tun rasuwar Baba, amma dole ta sa na rubuto. Matata Tanneke na kwance. Ta tono saiwa a bakin rafi, tana bin zanen tsohon littafin ganyayyakin da nake haɗa magani da shi, ta ci, ashe mai dafi ce. Na ajiye saiwar kusa da zanen, ko ni ban iya bambancewa ba. Wanda ya yi zanen bai taɓa ganin tsiron ba, daga wani littafin ya kwafa.

Kai mai zane ne. Ka zo mu zana tsirran nan yadda Allah ya halicce su.

Ƙaninka, Wouter

*

Antwerp, Mayu

Wouter,

Na samu takardarka, Allah ya ba Tanneke lafiya. Ni da na ƙawata coci-coci da fuskokin waliyyai, don 'yan tarzoma sun farfasa aikina sai na koma zanen ciyawa? Har yanzu ba ka da kunya. Amma aiko saiwar in gani, da irin wadda ta yi niyyar tonowa.

Yayanka

*

Antwerp, Yuni

Wouter,

Shiru ba amsa, ko fushi ka yi? Saiwoyin sun iso. Na zana su sau uku ina yagawa, saboda hannuna ya saba gyara abu ya yi kyau. Da na tsaga mai dafin, sai ga ramuka a jere a ciki, wani ruwa rawaya na tsattsafowa. Ɗayar ba ta da su. Ga zanen nan, ka nuna wa Tanneke, ka ce ina gaishe ta.

Gillis

*

Mechelen, Yuni

Yaya,

Zanen ya iso, babu kamarsa. Mun binne Tanneke kafin ya zo. Na manna shi a ƙofar shagon maganina, mata na tsayawa suna kallo. Wata ta ce irin wannan saiwar na bayan gidanta, inda yaranta ke wasa. Na je na tumɓuke.

Ka huta lafiya.

Wouter

*

Ƙanena,

Allah ya ba mu haƙuri. Na so in zana maka fuskarta, na kasa. Ashe ban taɓa kallonta da kyau ba.

Ina tafe ranar Talata. Kada ka nome lambunta, daga nan za mu fara.

Gillis